Injin Casa na Ƙarshe a Gwandu

Shekara shida da suka wuce, injinan casar shinkafa goma sha ɗaya ne ke aiki tsakanin Gwandu da Kambaza da Dodoru. Zuwa bara saura ɗaya, na Zayyanu Mamman, a wata rumfar kwano bayan tashar mota. Tsohon inji ne mai shan dizal, gadon mahaifinsa, kuma da shi Zayyanu yake ciyar da mutum tara.

Babu wanda ya rufe sauran goman da ƙarfi. Kamfanin Ɗangulbi, wanda Alhaji Lawal Ɗangulbi ya gina a bakin hanyar Kalgo, shi ne ya fara tura manyan motoci da sikeli har bakin gona idan kaka ta yi. Shekara biyu a jere yana biyan manoma sama da farashin kasuwa, kuɗi hannu, buhu ma nasa ne. Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta daina isa kasuwar Gwandu. Matan da ke sayenta su turara a gida su kai inji suka rasa abin saye, injinan kuma suka rasa matan. Wasu masu injin suka koma acaba, biyu suka tafi Neja, sauran suka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. A shekara ta uku kamfanin ya sauke farashi ƙasa da inda ya same shi. Manoma suka duba hagu da dama, babu wani mai saye.

Abin da ya raya injin Zayyanu shi ne motar kamfani da ke zuwa kowace Litinin ta sauke buhu arba'in a ƙofar rumfarsa. Mata su saya a farashin da kamfani ya yanka, su turara, su shanya, su dawo masa da ita ya casa. Dalilin wannan gata ba ɓoyayye ba ne a garin. Alhaji Lawal aminin marigayi Mamman ne, mahaifin Zayyanu. Tare suka fara fataucin shinkafa zuwa Jega tun ana ɗora kaya a bayan jaki, kuma shi ya shiga kabari ya karɓi gawar Mamman. Zayyanu bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba. Idan ana zagin kamfanin a majalisa, akan ƙare da cewa duk da haka mutumin ya riƙe amanar abokinsa.

Sai dai arba'in ɗin ta koma ashirin da biyar, ta koma goma sha biyar. Abin da ake kawowa ma wanda injinan Kalgo suka ƙi ne, mai danshi, mai tsakuwa. Mata sittin da ke zuwa rumfar suka ragu zuwa ashirin, su ma sai sun yi faɗa a kan rabo. Wani makon injin kwana biyu kawai yake juyawa.

Malama Rahila Tanko ce ta kawo maganar kwamitin. 'Yar Zuru ce, ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare a Gwandu, ta koyar da rabin matan da ke zuwa rumfar, bayan ta yi ritaya ita ma ta sayi tukunya ta shiga turara. Ita ce magatakardar ƙungiyarsu. A rediyo ta ji cewa an turo wani kwamiti daga Abuja yana zagaya jihohi, yana jin ra'ayin jama'a a kan ko ya kamata a sa wa manyan kamfanoni linzami a kasuwa, kuma zai zauna a Kalgo ranar Alhamis ta mako mai zuwa. Ta zauna ta rubuta shafi uku da Hausa: sunayen injinan goma da watan da kowanne ya tsaya, farashin buhu a bakin gona shekara bayan shekara, da abu ɗaya da suke roƙo, wato a hana kamfani saye a gona, a mayar da shanshera kasuwa kowa ya taya.

Matsalar ita ce sharaɗin kwamitin. Mai sana'a mai rajista kawai zai yi magana, ƙungiyar mata kuwa ba ta da rajista. Zayyanu yana da ita tun zamanin mahaifinsa. Kwana uku Rahila tana zuwa rumfar, tana zama a kan buhun ɓuntu tana nuna masa cewa buhu goma sha biyar ba ƙarshen raguwar ba ne, kuma idan ya yi shiru, nasa injin ne na goma sha ɗaya a jerin. A rana ta uku ya karɓi takardar, ya karanta ta sau biyu yana bin layi da yatsa, ya ce zai karanta ta a gaban kwamiti.

Sannan ya ƙara da cewa gobe zai shiga Kalgo ya sanar da Baba.

Rahila ta ɗauka wasa yake. Da ta ga ba wasa ba ne, ta sauke murya ta ce masa wanda zai kai ƙara ba ya fara zuwa ya nuna wa wanda yake ƙara takardarsa. Zayyanu ya ce a wajensu ba a kai babba gaban hukuma a ɓoye. Mutumin da ya sa ubanka a kabari, ba daga bakin baƙi zai ji cewa kana da kuka da shi ba. Idan ya yi haka, ko ya ci nasara, ba zai iya zama a Gwandu ba, kuma su matan da yake yi dominsu su ne za su fara cewa ba shi da tarbiyya.

"Malam Zayyanu, ka bari har Juma'a, bayan zaman kwamiti, ka je ka ba shi haƙuri. Haƙuri ba ya tsufa."

"Malama, wanga ba abin da za ki gane ba ne."

"Shekara talatin ina garin nan. Na gane shi sarai, shi ya sa nake jin tsoro."

Ranar Asabar ya hau mota zuwa Birnin Kebbi, daga can ya shiga ta Kalgo. Masu gadin kamfanin sun san shi, ba su tsayar da shi ba. Ya wuce tsakanin motoci fiye da talatin da ke layi cike da shanshera, ya samu Alhaji Lawal a inda ya saba zama da hantsi, a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya bayan ofis, da carbi da wayoyi biyu. Tsoho ne siriri mai sanyin magana, wanda bai taɓa ɗaga murya a kan ma'aikaci ba. Zayyanu ya cire takalmi ya durƙusa. Suka gaisa a tsanake, Alhaji ya tambayi yara da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙafar Fiddausi, matar Zayyanu, da ta yi ciwo da damina.

Zayyanu ya faɗi abin da ya kawo shi, idonsa a kan tabarma. Alhaji ya saurara har ƙarshe. Ya tambaya ko an rubuta abin a takarda, Zayyanu ya ce an rubuta. Ya tambaya wa ya rubuta, Zayyanu ya faɗa. Bai nemi ganin takardar ba. Ya ce Mamman ya haifi ɗa, domin yaran zamani da sun je sun soke shi ta baya. Ya ce wa Zayyanu ya je ya faɗi duk abin da ke ransa, hukuma ce ta tambaya, kuma shi kansa zai halarta. Maganar raguwar buhuna kuwa, laifin yaran sito ne, bai sani ba, za a gyara. Ya sa aka kawo fura, ya tsare Zayyanu sai da ya shanye.

Zayyanu ya dawo Gwandu da sauƙi a ƙirjinsa. Ya gaya wa Rahila cewa ga shi ya faɗa kuma sama ba ta faɗo ba.

Washegari Lahadi, ba Litinin ba, motar kamfani ta tsaya a ƙofar rumfa ta sauke buhu sittin. Zayyanu ya soka hannu a buhun farko ya ɗebo. Busasshiya ce, doguwa, babu tsakuwa, irin wadda rabonsa da gani tun mahaifinsa na raye. Direban ya ce an rage naira dubu biyu a kowane buhu. Kafin azahar labari ya kai Kambaza. Matan da suka daina zuwa tun bara suka fito da tukwanensu.

Rahila ta zo da la'asar ta ce a mayar da kayan. Zayyanu ya nuna mata matan da ke kokawar ɗora buhu a kan babura ya ce ta gaya musu da bakinta. Ban da haka, ta yaya zai mayar wa Baba da alheri a fuska, kwana ɗaya bayan ya sha furarsa? A ƙarshe Rahila ma ta sayi buhu ɗaya, domin tukunyarta mako biyu ke nan a kife.

Ranar Litinin masu fenti suka zo suka shafe rumfar da shuɗi, suka kafa allo mai ɗauke da sunan Zayyanu Mamman da 'Ya'yansa. Suka ce Alhaji ne ya ce bai dace rumfar amininsa ta zauna haka ba. Ranar Talata, lokacin da shinkafar farko ta bushe mata suka yi layi har bakin titi, wani mutum ya sauko daga motar kamfani da kyamara. Ya ɗauki layin, ya ɗauki farar shinkafa tana zuba a daro, ya ce Zayyanu ya tsaya kusa da injin ya ɗan yi murmushi. Zayyanu ya yi. Kwana uku bai samu zama ba sai lokacin salla, kuma bai tuna rabon da ya ji daɗin aiki haka ba.

Ranar Alhamis da sassafe, yana shirin fita tasha inda suka yi da Rahila za su haɗu, sai ga baƙar jif ɗin Alhaji a ƙofar gidansa. Direban ya ce an ce kada ɗan Mamman ya sha wahalar motar haya. Maƙwabta sun fito suna kallo. Zayyanu ya aika wa Rahila cewa ta wuce, ya shiga. Takardar tana ninke a aljihun gaban rigarsa.

A zauren taro na wani otal a Kalgo aka zauna. Mutum bakwai ne a kan dogon tebur, a tsakiyarsu shugabar kwamitin, wata mata mai tabarau wadda ba ta jin Hausa, da ƙaramar ƙararrawa a gabanta. Akwai tafinta a gefe. Tun daga ƙofa wani ma'aikacin kamfani ya kama hannun Zayyanu ya kai shi layin gaba, kujerar da ke dama da Alhaji. Da ya waiwaya ya hango Rahila da mata huɗu can baya kusa da ƙofa, a tsaye.

Awa biyu na farko na masu ilimi ne. Wani malamin jami'a ya ce girman kamfani ba laifi ba ne, abin dubawa shi ne ko mai cin shinkafa a birni yana samunta da sauƙi, kuma ƙasar da ke son daina sayen shinkafar waje ba za ta yi hakan da injinan bayan tasha ba. Wani ya tashi ya ce farashin birni ba shi ne duka labarin ba, idan mai saye ɗaya ne a gona to shi ne hukuma a wannan gonar, ko da ya sayar da arha a Legas. Suka yi ta jifan juna da alƙaluma da sunayen ƙasashe. Tafinta yana taƙaita kowane minti goma a jimla biyu. Zayyanu ya fahimci na biyun yana gefensu, ya so ya gyaɗa kai, amma kafaɗarsa tana taɓa ta Alhaji.

Sannan lauyan kamfanin ya tashi, aka kashe fitilu biyu, aka haska hotuna a bango. Ga shuɗiyar rumfa, ga allo, ga layin mata har titi, ga Zayyanu yana murmushi. Lauyan ya ce ana cewa kamfaninsu ya kashe ƙananan masu casa, to ga ɗaya nan a Gwandu, mai zaman kansa, mai rajistarsa, hoton shekaranjiya ne. Ya ce mutumin yana cikin zauren nan, kuma kwamiti zai ji daga bakinsa.

Aka kira sunansa. Shugabar ta faɗa, tafinta ya maimaita, cewa kowane mai magana minti biyar ne da shi, har da fassara.

Zayyanu ya tsaya gaban makirfo ya zaro takardar. Rahila ta ja masa layi a ƙarƙashin jimlar farko: injina goma sun mutu a shekara uku, ga sunayensu. Ya dubi jimlar, ya dubi zauren. Akwai wakilin hakimi, akwai limamai biyu da ya sani, akwai dattawan da suka yi zamani da mahaifinsa. Bai taɓa ganin mutumin kirki ya tashi a gaban irin waɗannan ya fara da ƙorafi ba. Ya yi bisimilla, ya yi salati. Ya gaida shugaba da 'yan kwamiti, ya yi musu barka da zuwa da ban gajiyar hanya. Ya gaida wakilin hakimi, ya gaida malamai, ya gaida iyaye maza da mata. Bayan kowace gaisuwa yana tsayawa tafinta ya juya ta zuwa Turanci.

Sannan ya zo kan Alhaji. Wanda zai faɗi laifin babba dole ya fara da alherinsa, in ba haka ba maganarsa ta zama cin mutunci, kuma babu dattijon da zai saurari sauran. Ya ce Alhaji Lawal uba ne a wurinsa. Ya ba da labarin jakunan Jega. Ya faɗi wanda ya shiga kabari. Ya ce shekara uku ke nan motar Alhaji ba ta taɓa fashin zuwa ƙofarsa ba, kuma ba don shi ba da injin nan ya daɗe da tsayawa. Tafinta ya fassara wannan da kyau, 'yan kwamiti biyu suka rubuta. A can baya Rahila ta ɗaga hannu tana nuna agogonta. Zayyanu ya gani. Ya buɗe takardar sosai ya gyara murya.

"To, sai dai kuma, ranki ya daɗe..."

Ƙararrawa ta buga. Shugabar ta yi masa godiya da murmushi. Zayyanu ya ce wa tafinta bai fara ba tukuna, abin da ya zo faɗa yana cikin takarda. Tafinta ya isar. Shugabar ta duba jerin sunaye, ta ce saura mutum goma sha huɗu kuma jirginsu na yamma ne, amma za a yi masa tambayoyi uku, ya amsa a gajarce. Wani ɗan kwamiti ya tambaya ko an taɓa yi masa barazana ko an hana shi aiki. Zayyanu ya ce a'a. Buhu nawa ya casa a wannan makon? Sittin. A irin wannan makon bara fa? Ashirin da biyar. Mutumin ya rubuta ya ce ya gode. Game da takardar, aka ce ya miƙa wa sakatare. Sakataren ya duba ya ce sai an kawo ta da Turanci, kwafi bakwai, cikin kwana uku, a Abuja.

Zauren ya yi tafi. Da ya koma kujerarsa Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu, ya sa masa albarka da murya mai ƙarfi yadda layi uku za su ji.

Rahila ta nemi a ba ta ko minti ɗaya, aka ce sunanta ba ya cikin jeri. A waje, lokacin da ake rabon abinci a robobi, ta same shi a gindin katanga. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi takardarta daga hannunsa ta mayar jaka. Zayyanu ya ce lokacin ne ya yi kaɗan, babu wanda zai iya faɗin komai a minti biyar.

"Na gwada ta a gida da agogo," in ji ta. "Minti biyu da rabi ce."

Ta tafi tasha da matan. Shi ya koma Gwandu a jif, domin direban yana jiransa.

Litinin ta zo mota ba ta zo ba. Zayyanu ya ce wataƙila sittin ɗin ta makonni biyu ce. Litinin ta biyu ma shiru, ta uku haka. Ya kira mai kula da sito, wayar tana shiga ba a ɗauka. Mata suka zo sau biyu suka daina. A mako na shida aka faɗa a rediyo cewa kwamitin ya miƙa rahoto. A Kebbi, in ji rahoton, an samu babba da ƙarami suna sana'a kafaɗa da kafaɗa, an kuma ba da misali da wani mai inji a Gwandu. Ba a ga dalilin hana saye a gona ba, sai dai an ba da shawarar jami'ai su riƙa kai ziyara sau ɗaya a shekara don tabbatar da cewa ƙananan suna nan.

Zayyanu ya koma Kalgo. Wannan karon ya yi awa uku a bakin ƙofa kafin a shigar da shi. Alhaji yana kan tabarmarsa, babban ɗansa Hassan, manajan kamfanin, yana tsaye da fayil. An gaisa kamar kullum, an tambayi yara da sunayensu. Zayyanu ya ce ya zo ne a kan mota, ko an manta.

"Ba a manta ba," in ji Alhaji. "Kai ka kai ni ƙara, Zayyanu."

"Baba, ban faɗi komai ba. Kana wurin."

"Ina wurin. Na ji 'sai dai kuma'. Allah ne ya rufa mini asiri da ƙararrawa, ba kai ba."

Ya faɗi wannan ba tare da fushi ba, yana duba ɗaya daga cikin wayoyinsa. Ya ce shekara uku yana zuba shanshera a injin da ba ya ƙara masa komai, yaransa suna ce masa ɓarna ce, shi kuwa ya san wata rana za a zo a tambaya ina ƙananan suke. An zo an tambaya, an gani. Duk da haka ba zai bar 'ya'yan Mamman da yunwa ba. Ya yi wa Hassan alama.

Hassan ya bayyana abin da ke cikin fayil ɗin a tsaye, kamar mai karanta sanarwa. Kamfani zai ɗauki Zayyanu aikin awo, ya riƙa bin mota da sikeli zuwa gonakin Dodoru da Kambaza, tunda manoman can sun san shi sun yarda da shi. Albashi duk wata. Inji da rumfa da rajista suna nan da sunansa, ba zai sayar ba, ba zai ba da haya ba, ba zai sauke allo ba. Duk Juma'a zai tayar da injin na minti goma don kada ya cije, kamfani zai ba da man. Ba zai casa wa kowa ko mudu ɗaya ba sai da izinin kamfani a rubuce. Idan jami'ai za su zo, za a kawo masa buhu sittin mako ɗaya kafin nan.

Zayyanu ya ce zai yi shawara. Alhaji ya ce shawara tana da kyau, ya sa aka ba shi kuɗin mota.

Kwana tara ya yi yana neman wata hanya. Ya je kasuwar Gwandu da ta Dodoru, bai samu buhu biyar na shanshera a wuri ɗaya ba. Ya je wurin manoma uku da suka yi makarantar allo tare, kowanne ya ce masa idan ya sayar masa da buhu goma bana, wa zai ɗauki sauran casa'in? Mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ya zagaya injin ya taya shi da kilo, kuɗin bai kai abincin gidan na wata biyu ba. Fiddausi ba ta ce masa ya sa hannu ba, ba ta ce kada ya sa ba. Ta dai daina dafa abincin rana. A rana ta goma ya je Kalgo ya sa hannu a wurare huɗu.

Ya iya aikin awo. Manoma sukan ce gara shi, aƙalla ba ya taɓa sikeli. Farashin kuwa ba shi ke yankawa ba, ta waya ake turo masa kowace safiya.

Rahila ba ta san da takardar da ya sa wa hannu ba. Wata biyu ta yi tana haɗa kan matan da suka rage, mutum goma sha bakwai, suka tara abin da suke da shi, ta bi wani ɗan'uwan mijinta har ƙasar Yawuri inda motocin Ɗangulbi ba su kai ba tukuna. Ta dawo da buhu goma sha biyu a saman motar itace. Kuɗin mota ya cinye rabin ribar tun kafin a jiƙa, amma ta ce idan aka yi sau uku za a san hanya. Suka turara, suka shanya, shinkafar ta bushe ranar Alhamis.

Ranar Juma'a da hantsi Zayyanu ya buɗe rumfa, ya zuba man da kamfani ya bayar, ya ɗaura bel, ya tayar da injin. Bai kai minti biyar ba sai ga su, da daro a kai, wasu da buhu a kan baro. Rahila ce a gaba. Rabonta da yi masa magana tun Kalgo, amma ta gaishe shi da fara'a, ta ɗaga murya saboda ƙarar injin ta ce abin da ya wuce ya wuce, ga aiki sun kawo, kuma ba na Alhaji ba ne.

Zayyanu ya tsaya a bakin ƙofa, bai matsa ba. Ya gaya mata abin da ya sa wa hannu. Sai da ya maimaita, domin ba ta ji da kyau ba. Wata tsohuwa daga Kambaza, wadda ta fara kawo shinkafa rumfar tun Zayyanu yana goye, ta ce ai ga injin nan yana juyawa, daro ɗaya kawai, wa zai sani? Zayyanu ya dubi shagon mai faci da ke tsallaken titi, inda mutum biyu suka daina aiki suna kallo. Ya ce ta yi haƙuri, Inna.

Rahila ta tambaye shi ina ne inji mafi kusa da zai karɓi aikin mutane. Ya yi tunani da gaske kafin ya amsa. Ya ce a iya saninsa babu, sai dai ko Jega, shi ma ya ji ana cewa ya tsaya.

Babu wadda ta zage shi. Suka tsaya da kayansu a kai suna kallon bel yana zagayawa, bakin injin babu abin da ke fita. Zayyanu ya duba agogon wayarsa. Da minti goma suka cika ya shiga ya kashe, ya fito ya sa kwaɗo. Matan suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar tana tambaya ko akwai wadda har yanzu take da babban turmi a gida.